Likita ya ce soriyazis gare ni, akwai mai irinsa a zauren nan?

Tela_Bagalam: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a zauren nan ina karatu kawai, yau dai dole ta sa na yi magana. Tun cikin damina wasu tabo suka fito mini a gwiwar hannu da gwiwar ƙafa, da ƙeya har cikin gashi. Fatar wurin ta yi kauri ta yi duhu, samanta da ɓawo mai ruwan toka. In na sosa sai ya zubo, in na matsa da susa jini ya tsattsafo. Na sha shafa man makero, bai yi komai ba. Makon jiya likitan fata ya duba ni ya ce soriyazis ne. Ya ce ba a ɗaukarsa daga mutum zuwa mutum, amma kuma ba a rabuwa da shi gaba ɗaya, yana lafawa yana tashi. Ya rubuta mini odonansi, wato takardar magani, man shafawa iri biyu. Wallahi daga inda ya ce ba a rabuwa da shi, sauran bayaninsa bai shiga kunnena ba.

Ni tela ne. Ɓawon yana zuba a kan shaddar mutane, balle baƙa ko shuɗiya. A fada an fara ware mini kofin shayi, ba wanda ya ce uffan amma ina gani. Maiɗakina tana jin tsoro saboda yara. Don Allah in akwai mai wannan ciwo, ko wanda ɗan uwansa ke da shi, ya gaya mini yadda yake zama da shi cikin mutane. Daga bakin wanda ya gani a jikinsa nake son ji.

Abu_Sura_Bildi: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya ɗan uwa, ya sa kaffara ne.

Dan_Gobir_Tibiri: Malam tela, wanga abu da kake hwaɗi kirci ne tsohon yayi, likitoci ne dai sunka ba shi sabon suna. Mugun jini ne ya taru. Ka samu wanzami shi yi maka ƙaho a wurin, ka dahwa ganyen dogon yaro ka riƙa wanka da shi. Kakanninmu da shi sunka warke.

Maman_Hafsa: Ƙanena, sannu. Ni ce wadda kake nema, don ina da shi tun bayan haihuwata ta fari, yanzu kuwa yarinyar ta isa aure. Bari in fara da abin da ya fi damun maiɗakinka. Gado ɗaya nake kwana da maigidana duk shekarun nan, na shayar da 'ya'yana da nonona, na yi musu wanka da hannun nan, na tuƙa musu tuwo da shi, babu ko ɗaya da ya ɗauka. Ka karanta mata wannan da bakinka.

Lokacin da aka gaya mini ba ya warkewa na yi kuka sosai, kamar yadda na san kana ji yanzu. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, ba kullum yake zama yadda kake ganinsa yau ba. Akwai shekarar da nake yi cur sai ɗan tabo a bayan kunne. Akwai kuma lokacin da yake taso mini da ƙarfi, galibi da hunturu, ko in raina ya ɓaci. Rasuwar mahaifiyata ta tayar mini da shi fiye da komai.

Tunda ga hunturu ya kawo kai, ka riƙe wannan: kada ka bari fatarka ta bushe. Ruwan wanka mai ɗumi kaɗan, ban da mai zafi. Ka ajiye soso mai kaushi da sabulu mai ƙarfi. Kana fitowa daga wanka, tun jiki da sauran laima, ka shafa man kaɗanya ko Vaseline, sosai, ba lakuta ba. Maganin likita kuma a kan tabon kaɗai. Ɓawon nan kada ka ɓamɓare shi da farce, in mai ya jiƙa shi da kansa yake sauka.

Majo_Tasawa: @Dan_Gobir_Tibiri, Baba da girmanka, amma maganar ƙaho ba zan bar ta ta wuce ba. Wannan ciwo yana da wata ɗabi'a: duk inda aka ji wa fata rauni, ko tsaga, ko ƙaho, ko ƙuna, ko susa mai tsanani, sabon tabo yana iya fitowa daidai wurin bayan 'yan makonni. Wanzami zai ƙara masa ne, ba zai rage ba.

Kuma ba mugun jini ba ne. Garkuwar jikin mutum ce take rikicewa, ta sa fata ta riƙa sabunta kanta da gaggawa. Fatar mai lafiya takan ɗauki kusan wata guda kafin sabuwa ta taso daga ƙasa tsohuwa ta saɓe. A wurin mai soriyazis cikin kwana 3 zuwa 4 ake wannan aiki, sai fatar ta taru bisa juna, shi ne kaurin da ɓawon da yake gani. Babu ƙwayar cuta a cikin ɓawon da za ta tsallaka jikin wani.

Dan_Gobir_Tibiri: Majo na ji maganar ƙaho, na janye ta. Amma cewa ciwo bai da magani, wannan ban yarda ba. Ba Annabi (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta ba? Yaya likita za shi yanke ma bawan Allah ƙauna?

Malam_Madarumfa: Hadisin ingantacce ne Alhaji. Sai dai a wata ruwayar an ƙara da cewa wanda ya san maganin ya san shi, wanda ya jahilce shi ya jahilce shi. Ke nan likita in ya ce har yanzu ba a gano abin da zai tumɓuke ciwon ba, bai saɓa wa hadisi ba, iyakar saninsa ya faɗa. Kuma abin da ke sa ciwo ya lafa mutum ya samu barci ya yi sana'arsa, shi ma magani ne. Masu ciwon suga da hawan jini haka suke rayuwa. Malam tela, batun alwala: ka yi alwalarka a hankali ba tare da dirza ba, ka shafa man bayan ka gama. Ciwon nan ba najasa ba ne, ba ya hana ka shiga sahu.

Yar_Mokoyo: Ni tambaya gare ni, kada a ji haushi. An tabbata ba kuturta ba ce? Don gwaggona haka ta fara da tabo a hannu, mutanen unguwa suka yi ta ƙus-ƙus, har sai da aka kai ta asibitin kuturta na Danja.

Dalibin_Likita: @Yar_Mokoyo tambayarki tana kan hanya, don wannan ruɗani ne ke jawo yawancin ƙyamar. Ni ɗalibi ne a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ban zama likita ba tukuna, abin da aka koya mana zan faɗa. Tabon kuturta yawanci ya fi sauran fata haske, ba ya ƙaiƙayi, kuma alamarsa babba ita ce wurin ya mutu, a taɓa shi da auduga mutum bai ji ba. Ita kuma kuturta tana warkewa sarai da magani na wata 6 zuwa 12, kyauta ake ba da shi. Makero naman gwari ne, yana yin zobe, ana ɗaukarsa. Ƙazuwa ta fi ƙaiƙayi da dare, tsakanin yatsu, takan kama gida duka. Soriyazis shi ne mai kauri da ɓawo a gwiwoyi da fatar kai da ƙasan baya, sau da yawa dama da hagu lokaci guda.

Wani abin da ke sa a daɗe ba a gane shi a wurinmu ba: a jikin Turawa ja yake fitowa, a baƙar fata kuwa duhu yake yi ko ruwan toka. In ya lafa kuma yakan bar tabo baƙi ko mai haske na watanni, mutum ya ɗauka ciwon ne bai tafi ba.

Yaya tela, ba kai kaɗai ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2016 ya ce aƙalla mutum miliyan 100 ke da shi a duniya. A 2014 babban taron hukumar ya amince da shi a matsayin ciwo mai tsanani wanda ba a ɗauka, har aka ambaci wariyar da ake nuna wa masu shi. Ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara ma ranarsa ce.

Yar_Mokoyo: To na gane. Ita gwaggon tawa ma a Danjar aka ce ba kuturta ba ce, amma har ta rasu akwai waɗanda ba sa cin abincinta. Allah ya jiƙanta.

Tela_Bagalam: Amin. Na gode muku duka. @Maman_Hafsa, yaya, na karanta wa maiɗakina saƙonki har ƙarshe, ta yi shiru, daga baya ta ce in tambaye ki ko ana gadonsa. Sannan wani abokina ya ce akwai wata allura da ake yi sau ɗaya, cikin mako guda jiki ya yi sumul. Ya ce ya san mai yi a gida. Me kuka sani a kanta?

Direba_Dan_Isa: Kai! Kada ka yarda. Na roƙe ka don Allah kada ka yarda. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya yana da irin ciwonka, ɗan kaɗan ne ma a gwiwa. Wani mai magani a tasha ya yi masa allurar nan, jiki ya yi fes, muka yi ta murna muna kai mutane wurinsa. Da ta sake shi sai ya koma aka ƙara masa, aka kuma ƙarawa. Fuskarsa ta kumbura, ya yi teɓa, mu muna cewa lafiya ce ta samu. Da ya daina, ciwon ya dawo tun daga kai har tafin ƙafa, fata duk ta yi ja tana saɓewa, ga zazzaɓi da rawar sanyi. Sai da aka kwantar da shi a gidan likita. Ni na yi jinyarsa, na san abin da na gani.

Majo_Tasawa: Abin da direba ya faɗa sananne ne. Allurar kortikoyid ce, dangin deksametazon da wasu mata ke sha don su yi ƙiba. Tana danne ciwon da sauri, amma in ta bar jiki yana iya dawowa fiye da da, wani lokaci da ƙuraje masu ruwa ko ya mamaye jiki duka, wanda kan kai ga kwanciya asibiti. Ga kuma hawan jini da suga da take jawowa in an daɗe ana yi. Saboda haka likitocin fata ke guje wa allura ko ƙwayar kortikoyid a wannan ciwo. Na shafawa daban ne, shi ana amfani da shi, amma da ƙa'ida.

In na shafawa ya kasa, akwai mataki na gaba. Akwai metotreksat, ƙwaya ce da ake sha sau ɗaya a MAKO, ba kullum ba, tare da folik asid, ana kuma auna jini da hanta lokaci-lokaci. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta sha, namiji ma in suna neman haihuwa ya gaya wa likita. Ba abin saye a kan tebur ba ne ko kaɗan.

Hajiya_Farmasi: Bari in ƙara a kan na shafawa tunda shi ne a hannunsa. Yawanci za ka ga betametazon ko kulobetazol, wani a haɗe da salisilik asid mai narkar da ɓawo, wani da kalsipotiriyol, dangin bitamin D. Siriri ake shafawa, a kan tabon kawai, na tsawon makonnin da likita ya ce, sannan a rage a hankali, ba a yanke rana ɗaya ba. Mai ƙarfin ba a kai shi fuska ko hammata ko matsematsi, yana sa fata ta yi siriri ta tsattsage. Kuma ku sani kulobetazol ɗin nan shi ne a cikin da yawa daga mayukan bilicin na kasuwa, kada wani ya ce maka ai duk ɗaya ne ga mai araha.

Sannan duk likitan da ka je wurinsa, ko don zazzaɓi ne, ka gaya masa kana da soriyazis. Kulorokin yana iya tayar da shi, haka wasu magungunan hawan jini irin su furofuranolol da atenolol, da kuma litiyom na ciwon taɓin hankali. Ban ce mai shan su ya daina da kansa ba, likita ne zai canja. Maganin zazzaɓin cizon sauro kuma dole a sha, akwai wasu ba kulorokin ba.

Maman_Hafsa: Batun gado, ka ce mata yana bin jini a wasu gidajen, amma ba dole ba ne. Ni kawuna yana da shi. 'Ya'yana kuwa har yau babu wanda ya nuna alama. Ba abin da za ta yi ta hana, kuma ba abin da ta yi ko ka yi da ya jawo.

Ibro_Sabon_Gari: Ni dai na ji an ce kifi da gyaɗa da naman akuya ke tayar da irin waɗannan. Ya bar su ya gani.

Nana_Gidan_Rumji: Haba Ibro, ɗan Maraɗi ya bar gyaɗa da ƙuli-ƙuli ya ci me? Ni ma ina da ciwon a fatar kai. An hana ni kifi, an hana ni ƙwai, an hana ni nono, na rame ban ga canji ba. Likita ya ce in koma cin abincina.

Ibro_Sabon_Gari: Ke jikinki daban. Maƙwabcina da ya bar naman akuya ya samu sauƙi.

Dalibin_Likita: Wahalar ita ce ciwon da kansa yake lafawa ya tashi, duk abin da mutum ya bari ko ya sha daidai lokacin lafawar sai a ce shi ne. Abubuwan da aka tabbatar suna tsananta shi su ne taba sigari, giya, ƙiba mai yawa, damuwa, sanyi mai bushewa, da ciwon maƙogwaro na ƙwayar sitireptokok, musamman ga yara da matasa. Wanda ya lura wani abinci na damunsa ya bari, amma kada a jera wa mutum haramci goma.

Maganin_Gado_Original: Ina da haɗi na musamman mai kashe soriyazis har abada cikin kwana 7, a tuntuɓe ni ta ciki.

Admin_Zaure: Na goge lambar da ka saka. Ba a talla a nan, balle a kan marar lafiya. In ka sake zan fitar da kai.

Mai_Aski_Zariya: Mu koma kan maganar fada, don ita ce ta fi taɓa ni. Ni mai aski ne, ina da kwastoma mai wannan ciwo a kai. Farkon zuwansa ya tsaya bakin ƙofa sai da kowa ya watse sannan ya cire hula. Shi ya yi mini bayani da kansa, na kuma tambayi wani ma'aikacin lafiya ya tabbatar. Yanzu da inji nake rage masa, ba na sa reza don kada in yanke shi, kuma a gaban kowa nake yi. Malam tela, mutanen fadarku ba mugunta ba ce, tsoro ne da rashin sani. Ka kama mutum ɗaya wanda ake jin maganarsa a cikinsu, ka zaunar da shi ka gaya masa abin da likita ya ce. In shi ya ɗauki kofinka ya sha a gabansu, magana ta ƙare.

Sani_Dakoro: Ba kullum take ƙarewa ba. Ni na yi bayanin har na gaji, wasu sun gane, wasu har gobe in mun gaisa sai sun goge hannu a riga. Na daina zuwa biki da suna na tsawon lokaci, na zauna a ɗaki, ko kasuwa ba na son fita, barci ya ƙaurace mini. Ina faɗa ne don tela ya san wannan ma yana cikin ciwon. In ka ji zuciyarka ta yi nauyi haka, ka gaya wa likitan, kada ka ce fata kawai ka zo nunawa. Ni abin da ya fitar da ni shi ne wani dattijo mai irin ciwon da muka haɗu a layin ganin likita, muka riƙa kiran juna.

Maman_Hafsa: Sannu Sani. Gaskiya ka faɗa, akwai waɗanda ba za su taɓa ganewa ba, na bar su da halinsu. Amma ni ban yarda in ɓoye ba kuma. In mace ta ƙura wa hannuna ido a gidan biki, ni nake fara cewa: ba a ɗauka, ciwon fata ne, ina shan magani. Yawanci sai ta ji kunya ta ce Allah ya sawwaƙe.

Baiwar_Allah_227: Ku yi haƙuri in sako tawa. Ina da shi a baya da ciki, tufafi na rufewa, ba wanda ya sani sai mamata. An sa ranar aurena bayan girbi. In gaya masa ko in yi shiru?

Nana_Gidan_Rumji: Ki gaya masa ƙanwata, tun yanzu. In da hali ku je wurin likita tare ya ji daga bakinsa. Wanda zai gudu gara ya gudu kafin a ɗaura.

Dan_Gobir_Tibiri: Ɗiyata, a bi ta hannun manya. Uwarki ta samu uwar yaron su yi magana ta hankali. In kin hwaɗa mishi ke kaɗai, shi kai ma danginshi yadda ya fahimta, nan ne magana ka lalacewa.

Malam_Madarumfa: Ɓoyewa dai ba shawara ba ce, ko ta wace hanya za a bi. Ki yi istihara, Allah ya zaɓa miki mafi alheri.

Tela_Bagalam: Allah ya saka muku da alheri. Allurar na fasa, na gaya wa abokin nawa dalili. @Mai_Aski_Zariya akwai wanda nake ganin zan fara da shi a fadar, in sha Allahu gobe. @Sani_Dakoro zan yi maka magana ta ciki in ba damuwa, don abin da ka faɗa na rashin barci ya fara samuna. Wata tambaya kuma: farcena biyu sun yi ƙananan ramuka, kuma da safe yatsana na tsakiya yakan ƙage sai na ɗan jima ina motsa shi. Na ɗauka almakashi ne. Yana da alaƙa?

Majo_Tasawa: Wannan kada ka jira ranar randebu da likita ya sa maka, ka koma ka faɗa masa. Ramukan farce alamar ciwon ce. Ƙagewar gaɓa da safe kuma tana iya zama almakashin ne, tana iya zama ciwon ya fara taɓa gaɓoɓi, abin da kan samu har kusan mutum 3 cikin 10 na masu shi. In an tare shi da wuri ana kare gaɓar, in an bari tana iya lalacewa, kai kuma da yatsun nan kake ci. Ka sa a auna maka hawan jini da suga tun da ka je, suna yawan tafiya tare da shi. In ya ga ana buƙatar ƙarin bincike shi zai tura ka, ko nan Maraɗi ko Yamai.

Sani_Dakoro: Ba damuwa ɗan uwa, ina jiranka. Batun shadda kuma, ka sa riga mai dogon hannu ta auduga lokacin aiki, ka shafa mai tun da dare don kada ya ɓata kayan mutane da maiƙo.

Ibro_Sabon_Gari: Ni har yanzu ina kan bakana game da naman akuya.

Nana_Gidan_Rumji: @Majo_Tasawa ni da zafin bazara nake ganin nawa ya ragu. Shan rana yana taimakawa ne da gaske, ko ni ce nake gani haka? In yana yi, da wane lokaci ya kamata a zauna, don ranar Maraɗi ta azahar ba ta zaunuwa.

Majo_Tasawa: Yana taimaka wa mutane da yawa, har akwai asibitocin da ke gasa fata da wani haske na musamman saboda haka. Hantsi ko bayan la'asar, na ɗan lokaci, kada a kai ga ƙuna don ƙunar ma tana fito da sabon tabo. Amma ki tambayi likitanki tukuna, ya danganta da maganin da kike shafawa ko sha.

Baiwar_Allah_227: @Maman_Hafsa mama, zan iya yi miki magana ta ciki? Akwai abin da ba zan iya tambaya a nan ba.